Harajin Lemon Kwalba a Dubai

A Dubai zafi ya mai da lemon kwalba kamar ruwan sha, ga shi kuwa ciwon sukari ya yawaita. A 2017 hukumar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta aza wa lemon harajin kashi 50 cikin 100.

To, tsada tana hana saye? Masanan da suka bi diddigin irin wannan haraji a Meksiko sun tarar ciniki ya ragu da kashi 6 cikin 100 a 2014, talakawa ne kuwa suka fi ja da baya. Mai hali bai cika jin ƙarin kwabo ba.

A Ingila wata dabara aka yi a 2018: gwargwadon sukari, gwargwadon haraji. Sai kamfanoni suka rage sukarin da kansu. Wannan hanyar Daular ta koma bi tun Janairun 2026.