Abin da Ke Kashe Batirin Sola Kafin Lokacinsa

Batirin darma, irin wanda ke riƙe da inbata a asibitocin karkara, yana zubar da cajinsa ko ba a amfani da shi. Idan ya daɗe bai cika ba, farin gishiri kan daskare a farantansa, ƙarfinsa ya ragu.

Maganin shi ne cajin riƙo. Bayan batir mai bolt 12 ya cika a wajen 14.4, na'urar caji kan sauko zuwa kimanin 13.5, gwargwadon maye asarar kawai. Idan ta zarce, ruwan batirin ya ƙafe, musamman a zafin Afrilu.

Don haka idan an ƙaddamar da aikin sola a mazaɓarku, ku tambayi irin na'urar da ɗan kwangila ya saka, da wanda zai riƙa duba ta.