Daga Daɓen Makuba Zuwa Daɓen Katako

Dattawan Mai'aduwa da sauran garuruwan ƙasar Daura ba su manta da zamanin da daɓe yake sana'ar mata ba, lokacin da in za a kai amarya sai a yi gayya, a zuba burji a tsakar ɗaki, a yayyafa ruwa, mata su durƙusa da madaɓai suna bugu suna waƙa, sa'an nan a kawo ruwan makuba, watau jiƙon ɓawon ɗorawa, a yi ta shafawa har ƙasa ta yi ja, ta yi ƙyalli, ta yi tauri kamar dutse. Bayan haka siminti ya zo, leda ta bi shi, tayil ya bi leda. Yanzu kuwa ga wani baƙo da masu shaguna ke kira laminet, wanda ido ke ɗauka katako ne, alhali kuwa sha'aninsa ya fi haka.

Asalinsa daga ƙasar Suwidin ne, inda kamfanin Perstorp ya ƙago shi a 1977, aka riƙa sayar da shi da sunan Pergo. Kowane falle hawa huɗu ne aka manne: a ƙasa akwai shafin da ke hana shi tanƙwarewa, a tsakiya garin katako ne da aka cuɗa da gam aka matse da zafi, a bisansa takarda ce mai hoton jikin itace, sa'an nan a can sama wani shafi garai-garai mai tauri wanda ke ɗaukar wahalar tafin ƙafa. Ashe ke nan zanen da ke burge mai saye hoto ne kawai, ƙarfin abin kuwa da rauninsa duk suna cikin garin katakon nan na tsakiya, wanda, kamar kowane itace, yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke.

Wanda ya yi niyyar saye, wajibi ne ya fara da awo tun kafin ya kama hanyar Katsina ko Kano. Ɗaki mai ƙafa 12 a tsawo da 12 a faɗi, murabba'in mita 13 ne da 'yan kai. Sai a ƙara ushirin wannan saboda abin da zarto zai ci, kuma tun da galibin kwalaye kowanne yana rufe wajen murabba'in mita 2, to, kwali 8 ya wadatar, har a sami ragowar da za a ajiye don gyara. Kauri yana kamawa daga milimita 6 zuwa 12, kuma a jikin kwali akwai alamar juriya, daga AC1 zuwa AC5. A ganina, mutumin garin da rairayi ke shiga ɗaki ko da an rufe ƙofa bai kamata ya sauko ƙasa da AC4 ba, ko da mai shago ya rantse masa AC3 ta isa, domin wanda ya tsara ma'aunin nan bai san ƙurar ranar Lahadi ba, sa'ad da garken shanu da raƙuma da manyan motoci suka cika kasuwar Mai'aduwa daga nan har hanyar Kongolam.

Amma fa babban sharaɗi yana ga ƙasar da za a shimfiɗa shi a kai, kuma a nan ne hikimar matan da ta dawo. Su ba su taɓa zuba makuba a kan ƙasa mai tudu da kwari ba. Haka nan laminet ba ya zama sai a kan siminti wanda ya daidaita, ya bushe sarai, ba wanda birkila ya gama shafewa shekaranjiya ba. In akwai rami sai a cike, in akwai tudu a kankare, in kuwa akwai alamar gara, to, a yi maganinta tukuna, don kuwa shimfiɗa garin katako a kan gidan gara daidai yake da kai wa kura ajiyar nama. Bayan an share, sai a shimfiɗa leda mai kauri don tare laimar da ke tasowa daga ƙasa, a ɗora siririn soso a kanta. Kwalayen kuma a bar su a kwance cikin ɗakin kwana biyu, su saba da iskarsa.

Shimfiɗawar kanta ba ta da wuya, har kafintan da bai taɓa yi ba yana iya ƙwarewa a yini guda. Ba ƙusa, ba gam: kowane falle yana da harshe a gefe ɗaya, da kwarmi a ɗaya gefen, sai a karkata shi a cusa, a danna, ya kama ɗan'uwansa. A fara daga bango mafi tsawo, kuma kada gaɓar layi ta yi daidai da ta layin da ke kusa da shi, kamar yadda magini ke saɓa tubali.

Abin da aka fi kuskurewa shi ne tazarar da ake bari tsakanin daɓen da bango, milimita 8 zuwa 10 a kowane gefe, wadda ake rufewa da siririn katako daga baya. Wannan a ƙasarmu ya fi ƙarfin mustahabbi. Galibin mutane suna gyaran gida ne da rani, bayan an kai amfanin gona gida kuma bukukuwa sun kankama, watau daidai lokacin da hunturu ya tsotse kowane itace har ya kai matuƙar tsukewa. To, wanda ya matse daɓensa da bango a watan Janairu, in ruwan Agusta ya sauka iska ta yi nauyi, zai wayi gari ya tarar tsakar ɗakinsa ta yi doro, domin katakon ya nemi wurin miƙewa ya rasa.

Ba kowane ɗaki ne kuma ya dace da shi ba. Turaka da falo sun karɓe shi, amma madafa da bakin banɗaki da duk inda ake ajiye buta, tayil ya fi musu, saboda ruwan alwala in ya kwanta a gaɓa yana kumbura bakin fallen, kuma abin da ya kumbura ba ya komawa. Kula da shi kuwa, shara ce da tsintsiya mai laushi, goge da tsumma wanda aka matse, sai tabarma a bakin ƙofa inda za a tuɓe takalma. Akwai ma wata mas'ala da almajiri zai tuna daga karatun Ahalari: a mazhabar Malikiyya ba a yin taimama a kan katako ko tabarma, saboda haka gidan da ke da tsoho ko majinyaci, in an rufe ƙasar ɗakinsa da wannan shimfiɗa, sai a ajiye masa dutse mai tsarki kusa da gado.