Yadda iyali za su fahimci sojan da yaƙi ya bar wa tabo a zuci

Tun daga shekarar 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke, an tura dubban sojojin Najeriya yankin arewa maso gabas. Kafin su, wasu sun yi aiki da rundunar ECOMOG a Laberiya daga 1990, daga baya kuma a Saliyo.

Da yawa sun koma gida da gaɓoɓinsu lafiya lau, amma iyalansu na cewa halayensu sun sauya. Wanda aka sani da fara'a ya koma mai yawan shiru da saurin fushi, barci kuma ya gagare shi.

Likitocin ƙwaƙwalwa na kiran wannan larura PTSD a taƙaice, wato firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali.

Larurar ta daɗe. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, Birtaniya ta zartar da hukuncin kisa kan sojoji 306 bisa laifuffuka irin su ragwanci da gudu daga fagen daga. Sai a 2006 aka yi musu afuwa, bayan an amince cewa mai yiwuwa wasunsu rashin lafiya ne ya same su. A 1980 ne ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya larurar cikin kundin cututtukanta, bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka dawo daga Biyetnam.

Ma'aikatar kula da tsoffin sojoji ta Amurka ta ƙiyasta cewa kimanin bakwai cikin 100 na tsoffin sojojin ƙasar kan yi fama da ita a wani lokaci a rayuwarsu.

Alamomi

Masana sun ce a lokacin haɗari jiki kan shiga shirin ko-ta-kwana. Ga mai wannan larura, shirin ba ya kwancewa ko da haɗarin ya wuce.

Shi ya sa ƙarar fashewar taya ko bugun ƙofa ke iya mayar da shi fagen daga nan take. Yakan yi munanan mafarkai, yakan guji cunkoson kasuwa da taron biki, wani kuma yakan ɗora wa kansa laifin mutuwar abokan aikinsa. Wasu kan faɗa shaye-shaye don neman barci. Idan alamomin suka wuce wata guda, ana bukatar ganin likita.

Rawar iyali

A gidaje da dama, matar aure kan ɗauki shirun mijinta a matsayin ƙiyayya, 'yan'uwa kuma su danganta lamarin da sammu ko aljanu. Shi kuwa sojan yakan ɓoye damuwarsa don gudun kada a kira shi rago ko mai taɓin hankali.

Likitoci na ba da shawarar kada a matsa masa da tambayar abin da ya gani, ko ya kashe wani. Idan ya fara magana da kansa, a saurare shi ba tare da yanke hukunci ba. A lura da abubuwan da ke tayar masa da hankali, a kuma daina zuwa masa ta baya ko tashinsa daga barci da ƙarfi. Yara ma na bukatar a fahimtar da su cewa fushin mahaifinsu ba laifinsu ba ne.

Sai dai haƙuri ba ya nufin jure duka. Idan ya fara cin zarafin iyali, ko yana ambaton kashe kansa, wajibi ne a nemi taimako cikin gaggawa, a kuma nisanta shi da makami.

Larurar na jin magani, musamman ta hanyar zaman tattaunawa da ƙwararre, wani lokaci haɗe da ƙwayoyi. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato. Likitoci na cewa mara lafiya ya fi saurin amincewa ya je idan wani na kusa da shi ya raka shi.