Me Ya Sa Murya Kan Yanke, Amma Hoto Ya Iso Cikakke?

Duk mai amfani da wayar salula a birnin Katsina ya san wannan lamari. Ɗalibi a Ƙofar Ƙaura kan kira abokinsa da ke Ƙofar Marusa, murya ta riƙa yankewa. Amma idan ya aika masa da hoton takardar darasi, sai ya isa cikakke, ko harafi ɗaya bai ɓace ba, ko da kuwa ya ɗan yi jinkiri. Wannan ba dace ba ne, shiri ne da aka yi da gangan.

Yadda Saƙo Ke Tafiya

Tun daga shekarar 2001 da aka fara amfani da tsarin GSM a Nijeriya, wayoyi sun ci gaba har zuwa tsarin 4G da 5G. Ƙungiyar 3GPP, wadda aka kafa a 1998, ita ke shata ƙa'idojin da waya da turken sadarwa, wato ƙarfen sabis, ke bi wajen fahimtar juna. Bisa waɗannan ƙa'idoji, saƙo ba ya tafiya a dunƙule. Ana raba shi ƙulli-ƙulli, sannan kowane ƙulli ya ratsa matakai kafin ya hau iska.

Mataki na sama, mai suna PDCP, shi ke rufe saƙon da asiri don kada wani ya karanta shi a hanya. Na ƙasa, wato MAC, shi ke raba wa wayoyi lokacin aikawa. A tsarin 4G yakan yi wannan rabo sau 1,000 cikin daƙiƙa ɗaya. Shi ne kuma ke fara yunƙurin sake aika abin da ya lalace. Tsakaninsu akwai matakin RLC, wanda a nan ne amsar tambayar take.

Aikin Matakin RLC

Ana iya kwatanta shi da ɗan kamasho a tashar mota. Idan kayan da za a kai Jibiya sun fi ƙarfin gurbin da ya rage a mota, sai a rarraba su, a rubuta wa kowane buhu lamba. Haka RLC ke yanka ƙulli daidai da gurbin da MAC ya bayar, tare da lambar da za a gane shi a can.

Ga hoto da rubutu, RLC na aiki da salon tabbatarwa. Mai karɓa kan duba lambobi. Idan ya ga 6 da 8 amma babu 7, sai ya aika da rahoto, a sake turo masa da ita. Wannan ne ke jawo jinkiri, shi ne kuma ke sa hoto ya cika.

Ga kiran murya a 4G kuwa, salon ya bambanta. Waya na fitar da ƙullin murya duk bayan kashi 1 cikin 50 na daƙiƙa. Idan ɗaya ya salwanta bayan MAC ya yi iya ƙoƙarinsa, RLC ba ya neman a sake aiko shi, domin kafin ya iso magana ta riga ta wuce. Gara a rasa gaɓa ɗaya da a tsayar da zance gaba ɗaya.

Kammalawa

Iska hanya ce mai cikas: gini da nisa da cunkoson wayoyi, kamar na ranar hawan Sallah a Ƙofar Soro, duk suna lalata saƙo. Injiniyoyi ba su iya hana hakan baki ɗaya ba, sai suka zaɓi abin da kowane irin saƙo ya fi buƙata: murya sauri, hoto cika. Malamin kimiyya na iya nuna wannan a aji da katuttuka goma masu lamba, ya ɓoye ɗaya, ya bar ɗalibai su gano wanda ya ɓace.