Tirelar da ke hura abincin kaji cikin rumbu: yadda take aiki da inda haɗarinta yake

Yawancin masu kiwon kaji a Katsina a buhu mai kilo 25 suke sayen abinci, 'yan dako su sauke. Sai dai tun da aka samu manyan masana'antu irin ta Olam da aka buɗe a Chikun ta jihar Kaduna a 2017, gonar da ke da rumbun ƙarfe ba lallai ta dogara da buhu ba. Akwai tirelar da ke ɗaukar abincin a zube.

Aikinta kamar na tifa ne. Jak na haidrolik yana ɗaga gaban bodi, abincin ya gangaro baya ya faɗa cikin wani bawul mai juyawa, sannan injin iska ya tura shi ta tiyo har cikin rumbu. Direba ɗaya kan gama aikin mutum goma, amma lokacin saukewar nan ne haɗari ya fi yawa.

Na farko yana sama. Manyan layukan KEDCO, kamfanin da ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, na ɗauke da bolt 11,000 ko 33,000, kuma wayoyin tsirara suke. Irin wannan wutar tana iya tsallakowa kan ƙarfe tun bai taɓa waya ba. Shi ya sa hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Birtaniya, HSE, ta ce kada a ɗaga bodi sai an ba layin tazarar mita 10. Idan ya taɓa, direba ya zauna a mota ya kira a yanke wuta. In gobara ta tilasta masa fita, ya yi tsalle ƙafafu a haɗe, kada ya taɓa mota da ƙasa lokaci guda.

Na biyu yana ƙasa. Da zarar bodi ya tashi, nauyi ya koma sama, ɗan lotsawar taya cikin yashi ko taɓon damina ya isa ya kifar da tirela. Wasu sababbin tireloli na da na'urar da ke yin ƙara idan sun karkata. Inda babu, manhajar awon karkata da ke cikin waya za ta taimaka, amma ba ta san taushin ƙasa ba, sai an taka an duba.

Na uku shi ne tiyo. Idan ya toshe, a kashe inji a jira iska ta fice kafin a kwance shi. Ƙurar abincin na cutar da huhu kuma tana kama wuta, don haka a sa takunkumi, a hana sigari.

Masu son ɗaukar bidiyo don TikTok kuwa, su tsaya nesa, ba a gefen tirelar ba, domin in za ta faɗi ta nan take faɗuwa.