BABBAN INJI KO ƘARAMI: WANNE YA DACE DA OFISHIN KARKARA?

Manomin rogo a Jajaye ba ya ɗauko tirela domin kai buhu biyu kasuwa, haka kuma ba ya ɗora amfanin gona guda a kan kura. Irin wannan lissafi ne ya fara fuskantar ma'aikatan ƙananan hukumomin Rogo da Karaye game da injunan ƙirƙirarriyar basira, watau manhajojin da ke karanta rubutu su ba da amsa kamar mutum.

Ana auna girman inji ne da yawan ma'aunansa, lambobin da ake daidaitawa sa'ad da ake koyar da shi. GPT-3 na shekarar 2020 yana da biliyan 175. A 2024 kamfanin Meta ya fito da Llama 3.1 iri uku: mai biliyan 8, da 70, da 405. Babban cikinsu yana bukatar ma'adana ta wajen gigabait 800, abin da sai ɗakunan manyan kwamfutoci ke iya ɗauka. Saboda haka mai amfani da irinsa sai ya aika tambayarsa ta intanet. Ƙaramin kuwa, in an matse shi, gigabait 5 ta ishe shi, kuma zai yi aiki a kwamfutar ofis ko da babu sadarwa.

Nan ne batun ya shafi karkara. Ma'aikacin asibitin ƙauye da ke son tantance rajistar masu awon ciki ba ya bukatar injin da ya san tarihin Rum. Abin da yake bukata shi ne wanda ba zai tsaya ba in sadarwa ta yanke, kuma wanda ba zai fitar da sunayen matan gari zuwa wata ƙasa ba. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da irin waɗannan sunaye alhakin tsare su.

Amma fa ƙarami yana da nasa aibi, musamman a Hausa. Yawancin injuna da Turanci aka yaye su, kuma sau da yawa in aka rage girma Hausar ce ke fara gurɓacewa. Ƙaramin inji yakan ƙaga amsa cikin gadara. In kuwa tambayar ta shafi adadin maganin feshi ga mai noman rani a bakin madatsar Challawa, kuskuren na iya cin gona, ko ma lafiyar mai gonar. Fassarar doguwar takardar gwamnati da nazarin kasafin kuɗi har yanzu aikin manya ne, su ma sai an bi sawunsu.

Masana sun nemi hanya ta uku, watau ƙaramin inji da aka horar musamman. A 2021 masu bincike a Jami'ar Waterloo ta Kanada suka gina AfriBERTa da rubutun da bai kai gigabait ɗaya ba, cikin harsuna 11 har da Hausa, ya kuwa yi kafaɗa da waɗanda suka fi shi girma wajen gane sunaye da rarraba labarai. A 2024 kamfanin Lelapa na Afirka ta Kudu ya fito da InkubaLM mai ma'aunai miliyan 400 kacal. Gwamnatin Tarayya kuma ta ƙaddamar da N-ATLAS a 2025 domin Hausa da Yarabanci da Ibo, bisa tushen Llama mai biliyan 8.

Kafin wani ofishi ya kashe ko kwabo, gwaji mai sauƙi shi ne a ɗebo takardu hamsin na aikin yau da kullum, a goge sunaye, a ba kowane inji, sa'an nan akawun da ya san aikin ya ƙirga kurakurai.