Mikin da likita ya bari a buɗe

Kwanan nan wani saƙo ya shiga yawo a WhatsApp, daga zauren 'yan uwa zuwa na 'yan unguwa, a kan waɗanda aka yi wa tiyatar maruru a gefen dubura. Mai saƙon, wanda ko sunansa bai sa ba, ya ce wai likitoci na barin wurin a buɗe ne saboda sakaci, ko don maras lafiya ya riƙa komawa yana biyan kuɗin wankin miki. Sai ya ba da shawara: a cusa toka ko garin magani a ramin, kada ruwa ya taɓa shi, a rage cin abinci don gudun bayan gida, cikin kwana kaɗan zai haɗe. Wanda ya rubuta wannan bai san abin da yake faɗa ba, kuma da rayukan mutane yake wasa. Masu turawa kuwa ban ga laifinsu sosai ba. Ciwo ne a wurin da ake jin nauyin nunawa, kuma duk wanda ya ga jikinsa a tsage ba ɗinki, dole hankalinsa ya tashi.

Da gangan ake barin wurin a buɗe. A cikin dubura akwai wasu 'yan ƙananan kafofi masu tsatsar da ruwa mai yauƙi. Idan ɗaya ta toshe, sai ƙwayoyin cuta su hayayyafa a ciki, mugunya ta taru ta yi wa kanta ɗaki a ƙarƙashin fata. Mafi yawan irin wannan maruru haka yake somawa, kamar yadda likitan tiyata na Ingila, Alan Parks, ya bayyana a 1961. Aikin likita shi ne ya tsaga ya fitar da mugunyar. Abin da ya rage rami ne, kuma har yanzu da sauran ƙazanta a bangonsa da ke neman hanyar fita. Rami kuwa daga ƙasa ake cike shi, shimfiɗa tabarma a bakinsa ba ya sa ya zama tudu. Sabon nama, jajur da shi, daga gindin mikin yake tsirowa yana hawowa, fata ce ƙarshen rufewa. Idan baki ya riga ciki haɗewa, mugunya za ta sake taruwa, a koma gidan jiya da zafi da zazzaɓi da wata tsagar.

To, abin da toka da garin magani ke jawowa ke nan. Suna busar da baki su yi ɓawo su toshe hanyar ruwan, toka ta ƙone ɗanyen naman da ke tsirowa, ga ƙazantar da suka shigo da ita. Mai ciwon suga ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni ya fi kowa shiga haɗari, domin cutar na iya bin ƙarƙashin fata ta kai ga al'aura ta ruɓar da nama, abin da likitoci ke kira ruɓewar Fournier. Wannan kan yi kisa cikin kwanaki idan ba a yi gaggawa ba.

Akwai wuri ɗaya da saƙon ya kusa taɓa gaskiya, wato zirga-zirgar wankin miki. An daɗe ana cusa auduga a ramin ana canja ta kullum, kuma da zafi. A 2022 mujallar British Journal of Surgery ta buga wani bincike da aka yi a asibitocin Birtaniya kan marasa lafiya 433, inda aka ga waɗanda ba a ci gaba da cusa musu auduga ba sun fi samun sauƙin zafi, kuma ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani wajen dawowar ciwon ba. Wannan dalili ne na ka tambayi likitanka ko bandeji daga waje ya wadatar, tunda shi ya ga zurfin ramin. Ba izini ba ne na cusa wani abu da hannunka.

Batun ruwa, akasin abin da aka faɗa ne. Tsarki da ruwa mai tsabta bayan kowane bayan gida shi ake so, a bushe wurin a hankali ba tare da gurza ba. Zama cikin ruwan ɗumi na minti 10 zuwa 15 yana rage zogi ga mutane da yawa, ko da yake hujjar cewa yana hanzarta warkewa ba ta da ƙarfi. Ƙin cin abinci kuwa bayan gida kawai yake taurarawa, ranar da zai fito a sha wuya, kuma miki ba ya cika a jikin da ke fama da yunwa. A sha ruwa sosai, a ci zogale da alayyafo da miyar kuɓewa da wake da gwanda. A sani kuma cewa tramadol da kodin na kawo taurin bayan gida, sigari na jinkirta warkewa.

Sauran maganganun da ake yaɗawa a kan wannan ciwo ba su cancanci dogon bayani ba. Maruru ba basir ba ne, maganin basir ba ya fitar da mugunya. Ƙwayoyin da ake saye a kemis su kaɗai ba sa kwashe mugunyar da ta riga ta taru. Tsaga maruru kuma ba ya rage wa namiji ƙarfi.

Yawanci zogin marurun kan sauka cikin kwanakin farko, mikin kuma ya ɗauki makonni, sau da yawa 3 zuwa 8, gwargwadon girmansa. Ɗan ruwa haɗe da jini a bandeji a wannan lokaci ba abin tsoro ba ne. Sai dai kusan mutum ɗaya cikin uku kan samu wata siririyar hanya ta rage tsakanin cikin dubura da fata, wadda ake kira fistula. Alamarta ita ce wurin ya riƙa tsatsar da mugunya bayan wata biyu ko uku, ko ya rufe ya kumbura ya sake fashewa. Ba sammu ba ne, kuma ba lallai kuskuren likita ba ne, kafar da ta haddasa ciwon tun farko ce ba ta mutu ba. Da wuya fistula ta warke da kanta, galibi sai an sake aiki. Idan kuwa zazzaɓi ya taso, ko zafi ya riƙa ƙaruwa maimakon raguwa, ko kumburi da ja suka bazu, ko fata ta soma baƙi da wari, ko jini ya ƙi tsayawa, ko fitsari ya ƙi fita, a tafi asibiti a ranar, kada a jira ranar da aka rubuta a kati.